Neman Jita Mai Laushi Daga Keffi Zuwa Kwatano

Tun da na dawo daga Dahome abokan aikina a makaranta ba su bar ni na sha shayin ƙarfe goma lafiya ba. Wannan ya tambayi yadda teku take, wancan ya tambayi ko da gaske mata ne ke riƙe da kasuwa a can. Kowane lokaci na ba da labarin sai in lura na ƙara wani abu ko na rage, kuma hakan ya dame ni, domin tarihi na karanta a jami'a, kuma abin da nake hana ɗalibaina ke nan. Saboda haka na ga ya fi kyau in rubuta shi sau ɗaya kowa ya karanta.

Madogarata uku ce. Ta farko littafin aljihun da na riƙa rubutu a ciki a hanya. Ta biyu hatiman da aka buga mini a fasfo. Ta uku abin da na riƙe a ka, kuma ita ce mafi rauni. Shafi huɗu na littafin sun jiƙe a jirgin fito na kogin Kwara a dawowa, tawada ta baje, don haka ban tabbata ba ko kwana biyu na yi a Ikko ko uku. Abin da na tabbata shi ne a hutun zango na biyu na tafi, shekara ta biyar bayan ƙare yaƙin basasa, wato shekarar da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Wasu maganganun da Turancin bakin teku na ji su. A nan ma'anarsu na kawo, ban yi alkawarin kalmomin ba.

Jita na tafi nema, kuma ba tawa ba, domin ban iya kaɗa ko gurmi ba. Ta wana ce, Yaya Sale, wanda ya girme ni da shekara tara. Ya shiga soja kafin yaƙi, aka sa shi cikin 'yan badujala, a nan ya koyi jita har ya yi suna a bariki. A shekarar ƙarshe ta yaƙin ya ji rauni a hannun hagu. Shekara huɗu ke nan da aka sallame shi ya dawo gidanmu a unguwar Yara, nan Keffi, kuma tun daga lokacin daga ɗakinsa sai masallacin ƙofar gida. A ɗaki yake cin abinci shi kaɗai. Maganarsa ba ta wuce amsa gaisuwa.

Ana saura mako biyu hutu sai ga wani tsohon abokin aikinsa, Kofur Bitrus, mutumin Akwanga, ya zo gaishe shi. Da na raka shi tasha ya ce mini ya haɗa 'yan kiɗa suna wasa a wani otal a Jos, kuma yana da gurbin mutum ɗaya.

“Duk cikinmu babu mai hannun yayanka,” in ji shi. “In damina ta zauna zan dawo. In na same shi da jita yana taɓawa, na tafi da shi. In ba haka ba, dole in ba wani.”

Na ce ban san yadda ake zaɓen jita ba. Ya sa ni na fito da littafina na rubuta abu uku. In ɗaga ta in hangi wuyanta kamar mai saitin bindiga, kada ya kasance da lanƙwasa. In ɗora kwabo biyu a kan ƙarfe na goma sha biyu cikin ƙarafunan da ke gindaye a wuyan, in tsirkiya ta bar fili a samansu to ta yi nisa, za ta wahalar da yatsa. Sannan kada in ji ƙaran zuza a ko'ina. Ya ƙara da cewa tunda an ce hannun ya taɓu, in nemi mai laushi.

Da na koma gida na tsaya a bakin ƙofar Yaya na faɗa masa abin da Bitrus ya ce.

“In ka samu mai araha,” ya ce. “Kada ka ƙarar da albashinka, ɗan boko.”

Rabon da ya kira ni da wannan sunan tun kafin yaƙi. Innarmu na jin haka daga madafa ta kira ni. Yaya ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma kallon idonsa. Na zaci za ta ce abin kunya ne a ga kayan kiɗa a gidan marigayi Baba, wanda ya yi limancin unguwa.

“In abin zai fito da mai ɗakin waje ya zauna cikin mutane, je ka nemo,” ta ce. “Amma ka naɗe shi in za ka shigo unguwa.”

Na fara da Jos, na tarar kantunan da ke sayar da irin waɗannan kaya an share su tas tun da kuɗin ƙarin albashi suka shiga hannu. Aka ce sai Ikko. Na dawo Keffi na shiga motar doya ta wani direba, Tanko, ɗan unguwar Gangaren Tudu, ya ba ni gidan gaba saboda ni malamin ƙanensa ne. Muka bi ta Nasarawa da Toto muka faɗa Kwatan Ƙarfe. A bakin Kwara muka tarar da layin motoci ya kai inda ido ba ya gani, jirgin fito ɗaya ne ke aiki. Wuni guda muka yi a nan muna cin kifi banda da rogo. Ina zaune a inuwar mota ina maimaita sharuɗɗan Bitrus, Tanko ya leƙo.

“Malam, wannan karatun duk na jarrabawa ne?”

“Na jita ne.”

“Jita? Har jita sai an yi mata digiri? Ni wannan motar da kunne na saye ta. Na ce a tayar, na saurara, na biya.”

“Kai ka san ƙaran mota. Ni ban san muryar jita ba.”

“To ka nemi mai kunne ka ara,” ya ce, ya koma ya kwanta a ƙarƙashin mota.

Daga Lakwaja muka bi ta Okene muka sauka Badun, inda na fara cin baƙin tuwon garin doya da miyar da barkononta ya sa na yi hawaye a gaban mai abincin. Ta ba ni ruwa tana dariya, ta ƙara mini nama ba tare da na roƙa ba. A Ikko na sauka a Agege, a zauren wani fatoman goro, mai saukar da fatake, da Tanko ya sani. Mu tara ne a zauren, kowa ya yi matashi da kayansa.

Kantunan Ikko iri biyu na gani. Akwai na manyan tituna, inda jita ke rataye a bayan gilashi, kuɗinta ya haura albashina na wata uku, mai kanti kuma ba ya barin a taɓa sai an nuna da gaske ake. Akwai kuma rumfunan kasuwa, inda jita ke da araha, tana ƙyalli, an zana mata furanni ja da ruwan ɗorawa. A wata rumfa na ɗaga guda bakwai ɗaya bayan ɗaya. Biyar wuyansu ya lanƙwashe kamar baka. Na fito da kwabbaina na gwada sauran biyun, na ga ko kwabo huɗu aka jera za su shige. Mai rumfar, wani ƙaƙƙarfan mutum mai gemu, ya tsaya yana kallona hannu a ƙugu.

“Maigida, kai ɗan awo ne daga gwamnati ko mai saye?”

Na ce mai saye ne, amma tsirkiyar ta yi nisa.

“Ai namiji za ta yi wa. Ka danna da ƙarfi. Wata biyu yatsa ya yi kanta, shi ke nan.”

Na ce wanda zan saya wa ba shi da ƙarfin dannawa. Ya karɓe jitarsa ya rataye, amma bai ji haushi ba. Ya ce kaya masu kyau suna can cikin jiragen da suka yi layi a teku watanni suna jiran a sauke su, kuma duk mai son abin kirki da araha a bana Kwatano ta ƙasar Dahome yake zuwa. Na koma masauki cikin damuwa, domin ban shirya ƙetare iyaka ba, ko da yake fasfona da katin allurata suna jikina, kamar yadda ba na tafiya ba tare da su ba. Fatoman ya ce tafiyar wuni ɗaya ce, ya ba ni sunan mai masauki a Zangon Kwatano.

A bakin iyaka, ɓangaren Dahome, wani jandarma, ɗan sandan can, ya tambayi dalilin zuwana. Wata 'yar kasuwa da muke mota ɗaya ta yi mini tafinta. Da ta faɗa masa sai ya kira abokinsa ya maimaita masa, suka dube ni da hulata da tabarauna, suka yi dariya, ya buga hatimi. Matar ta ce mini cewa ya yi bai taɓa ganin mawaƙi mai fuskar alƙali ba. Ita ce kuma ta kai ni wajen matan da ke canjin kuɗi a gindin bishiya, kowace da damin takardun sefa a cinya, babu ɗan sanda babu akwatin ƙarfe. A Keffi ko goro mace ba ta bajewa haka a bakin titi ba tare da wani namiji na kusa ba.

Mai masaukina, Alhaji Mamman, dattijo ne wanda kakansa ya zo daga Katsina da fataucin kanwa. Shi kansa bai taɓa ganin Katsina ba, Hausarsa kuma tana gauraye da Faransanci. Ya ba ni ɗaki mai tabarma da gidan sauro. Da safe aka kawo mini gahawa da madara a kwano, da burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya. Haka suke saƙale shi a hammata tsirara su bi titi da shi, ba takarda ba leda. Da rana kafa ce, wato daskararren kokon masara, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono da albasa. Ranar farko na fita ni kaɗai wajen sha biyu da rabi, na tarar duk kantuna a rufe, titi shiru. Na dawo da sauri na tambayi Alhaji ko wani babba ne ya rasu, ko dokar hana fita aka sa.

“Barci suke, ɗana,” ya ce. “Nasaransu ne ya koya musu. Sai ƙarfe uku. Naku bai koya muku komai ba sai shayi?”

Da na ba shi labarin abin da ya kawo ni, ya ce in manta da kanti. Ma'aikatan jiragen ruwa, in kuɗi ya yanke musu, suna sayar da jitocinsu, kuma akwai kafinta ɗaya da ke saye ya gyara. Da la'asar ya kai ni. Sunansa Baba Kwasi, tsoho ne siriri daga Togo, ya yi zama a Kumasi, yana jin Turancin bakin teku. Sana'arsa ta ainihi akwatin gawa. A rumfar akwai akwatuna uku a jingine, a samansu jitoci sun fi goma a rataye. Ya ga na ja baya.

“Kada ka ji tsoro, Ticha. Duka akwati ne. Wancan shiru yake, wannan yana magana.”

Na fito da littafina da kwabbaina. Ya bar ni na gwada, ya ce wanda ya koya mini ya san aiki, amma ya bar abubuwa a baya. Ya ɗauko wata mai ƙyalli irin ta Ikko ya ƙwanƙwasa fuskarta da gaɓar yatsa, na ji ƙaf, kamar ƙofa. Ya ɗauko wata tsohuwa mai ƙurjewa ya ƙwanƙwasa, ƙaran ya ɗan jima a cikinta kafin ya mutu. Ya ce fenti mai kauri shaƙe murya yake. Ya nuna mini bakin ramin da ke tsakiya, ya ce in duba kaurin katakon, in na ga layi-layi to falle-falle aka liƙa da gam, in na ga jijiyar itace ta ratsa daga sama har ƙasa to katako ɗaya ne, kuma shi ne muryarsa ke ƙara daɗi da tsufa. Ya zura guntun madubi ciki ya nuna mini sandunan da ke tallafe fuskar, ya ce a tabbata babu wadda ta saki. Ya sa ni na tura takarda a ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke ɗaure a kai. In ta shige, jakin ya fara ɗagowa, wata rana zai tashi da fuskar gaba ɗaya. Duk na rubuta. A karo na farko tun barina Keffi na ji hankalina ya fara kwanciya.

Cikin waɗanda kuɗina zai iya saye, biyu suka tsallake duk gwajin. Ɗaya mai tsirkiyar ƙarfe ce, wuyanta siriri, muryarta tana fita tarau har bakin titi. Ɗayar tsirkiyarta ta nailan ce, wuyanta mai faɗi, muryarta ƙasa-ƙasa, mai sanyi. Na danna ta ƙarfen, ta bar mini zane a kan yatsa. Na danna ta nailan, ban ji komai ba. Na ce wannan nake so, domin wanda zan saya wa ya ji rauni a hannun hagu.

Baba Kwasi ya ajiye madubinsa. “Wane irin rauni?”

“A yaƙi ne.”

“Ban tambaye ka inda ya samu ba. Yatsu nawa ke aiki?”

Na hau juya shafukan littafina.

“Saurara, Ticha. In yatsun duka suna nan amma ba ƙarfi, ɗauki mai faɗin, ba ta cizo. In kuwa wasu sun tafi, ko sun ƙage, to waɗanda suka rage ne za su yi aikin kowa, dole su kai ko'ina, sai siririn wuya. Sai in sa mata tsirkiya marar kauri. Wanne ne?”

Na ce ban sani ba.

“Ba wanka ba ne? Ba gida ɗaya kuke ba?”

“Gida ɗaya muke.”

“Shekara nawa?”

“Huɗu.”

Ya juya ga Alhaji ya yi magana da wani harshe, Alhaji ya amsa masa a hankali. Daga baya Alhaji ya ce mini ya bayyana masa ne cewa a wurinmu ƙane ba ya ce wa wansa nuna mini, kuma uwa ba ta bincikar ɗan fari. Gaskiya ya faɗa. A tsaye a wurin na bi shekara huɗun nan ɗaya bayan ɗaya ina neman ranar da na ga hannun, ban samu ba. Da hannun dama Yaya yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake karɓa. Hagun yana cikin aljihun jamfa ko ƙarƙashin babbar riga. Alwala a bayan ɗakinsa yake yi. A salla hannun rigarsa ya rufe har kan yatsu. Hannun hagu a wurinmu ba a miƙa shi, ba a nemansa, saboda haka mutum na iya ɓoye shi har ya mutu ba wanda ya lura an ɓoye. Mu kuma da muka san akwai rauni, kawar da kai muka ɗauka shi ne ladabi. Na cika shafi goma sha ɗaya da bayanin katako da tsirkiya, ban rubuta layi ɗaya a kan hannun da zai riƙe su ba.

“Koma ka duba ka dawo,” in ji tsohon.

“Tafiyar kwana huɗu ce, Baba.”

“Ka iya tafiyar kwana huɗu, ta taku huɗu ce ta gagare ka.”

Babu waya a gidanmu, wasiƙa kuma kafin ta je ta dawo an koma makaranta, kuma ko da akwai hanya ban san da wane baki zan yi tambayar ba. Kuɗina ba zai ɗauki biyun ba. Na roƙi a bar ni sai gobe. Da safe na koma na ce mai faɗin. Dalilina, kuma ina so a rubuta shi yadda yake, ba ilimi ba ne. Zanen da tsirkiyar ƙarfe ta bar mini a yatsa na tuna, na ji ba zan iya kai wa Yaya abin da zai ƙara masa ciwo ba. Baba Kwasi ya goge ta, ya ba ni tsirkiyoyi na ajiya, ya ce zai riƙe siririyar har ƙarshen damina, in ta kama a yi musanya.

A dawowa, ɓangarenmu na iyaka, ma'aikacin kwastan ya kwance tabarmar da na naɗe ta a ciki. Ya ce in tawa ce ta amfanin kaina babu haraji, in kaɗa masa ya ji. Na ce ban iya ba, kuma ba tawa ba ce. Ya dube ni kamar bai taɓa jin irin wannan amsa ba, ya rubuta mini rasit na biya. Sannan ya zauna a kan benci ya ɗora ta a cinya ya kaɗa wata waƙar coci, mutanen layi suka yi tsit.

“Ka iya zaɓe,” ya ce. “Katakon kirki ne. Amma ta ɗaki ce. Ina za a kaɗa ta?”

“A otal, tare da ganguna da ƙaho.”

“Sai dai su sa mata lasifika. In ba haka ba shi kaɗai zai ji kansa.”

Na ɗauki wannan na ƙara a kan damuwar da nake da ita. Daga nan har Keffi a cinyata ta zauna. A jirgin fito hadari ya taso, na cire rigata ta sama na lulluɓe ta, a nan ne littafina ya jiƙe. Wani fasinja da ya ga wuyanta ya leƙo daga tabarma ya riƙa kirana sarkin maroƙa har Toto, yana cewa in wasa shi ya ba ni sisi.

Na shiga Yara da azahar da ita a naɗe, kamar yadda Inna ta ce. Yaya ya karɓa da hannun dama, ya jingine ta a gwiwa, ya ƙwanƙwasa fuskarta daidai yadda Baba Kwasi ya yi, ya kai hancinsa bakin ramin.

“Ta sha teku,” ya ce. “Sannu da hanya. Allah ya yi albarka.”

Ya shiga da ita ya saki labule. Kwana uku ina kasa kunne. Abin da nake ji kawai tsirkiyoyi shida ne, ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri zuwa siririya, sai shiru, sai a sake. Na riga na koyi abin da ya isa in gane cewa wannan ba ya bukatar hannun hagu ko kaɗan.

A rana ta huɗu bayan la'asar na yi sallama a ƙofarsa na shiga na durƙusa. Na shirya jimloli uku masu ladabi tun safe, duk suka gudu.

“Yaya, ina so in ga hannun.”

Ya daɗe yana kallona. Ina jin Inna ta daina daka a tsakar gida.

“Wa ya aiko ka?”

“Wani kafinta a Kwatano. Ya tambaye ni yatsu nawa ke aiki, na kasa amsawa.”

“Kai da digirinka.”

“Ni da digirina.”

Ya zaro shi daga aljihu ya ɗora a gwiwa. Babban yatsa da manuni lafiyarsu ƙalau. Na tsakiya babu gaɓarsa ta sama. Biyun ƙarshe sun lanƙwashe sun manne da tafi, ba sa motsi. Ya kama wuyan hannuna da biyun masu lafiya ya matsa, har na ji zafi. Ƙarfi yana nan. Isa ce babu. Bisa ƙa'idar Baba Kwasi, siririyar ya kamata in ɗauko.

Na faɗa masa haka, na faɗa masa akwai ta a ajiye har ƙarshen damina, na ce laifina ne.

“Wuyan ya yi faɗi,” ya ce. “Tun ranar farko na gani.” Ya ɗauko jitar ya dafa tsirkiya biyu da manuni, ya lalubi ta uku da guntun yatsan, bai kai ba, ya sake, ya kai da ƙyar. Ya kaɗa. Sauti ya fito, rabinsa a dushe. “Amma dungun nan ba ya son ƙarfe. Ko maɓallin riga ya taɓa sai na ji har ka. Wannan ba ta cije shi ba.”

“To wacce ce daidai, Yaya?”

“Ina zan sani? Shekara biyar ban gwada ba.” Ya sake dafawa. “Likitan soja ne na ƙarshe da ya ce in nuna masa. Ɗaga labulen nan, duhu ya yi yawa.”

Na ɗaga. Inna ta zo wucewa da ƙwarya, ta tsaya, ta dubi abin da ke kan gwiwarsa, shi kuma bai mayar da shi aljihu ba. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta tsaya a wurin har ya gama abin da yake kaɗawa.

Yau mako biyar ke nan. Yana fitowa zaure da ita bayan la'asar, kuma maƙwabta biyu sun riga sun yi wa Inna magana a kai, ta ce musu ta ji. Wasu ranakun abin da yake kaɗawa yana kama da waƙa. Wasu ranakun yana tsayawa a wuri ɗaya ya maimaita har ya ajiye ta ya shiga ɗaki, ba ya fitowa cin abinci. An yi ruwa uku masu ƙarfi, Bitrus ya aiko cewa yana tafe ƙarshen wata. Na tambayi Yaya sau biyu ko in nemi izini a makaranta in koma in yi musanya. Na farko ya ce bari mu gani. Na biyu bai amsa ba.

Masu tambayata ko tafiyar ta yi nasara, iyakar abin da zan iya tabbatarwa ke nan: katakon ɗaya ne, wuyan a miƙe yake, jakin bai ɗago ba, kuɗin kuma bai fi ƙarfina ba. Abin da ban sani ba, kuma ban sami wanda ya sani ba, shi ne wannan: yatsu biyu da guntun na uku za su isa a kan wuya mai wannan faɗi kafin Bitrus ya iso, ko kuwa wadda ta dace da Yaya tana can rataye a Kwatano?